Aikin Ilpo a Cikin Kaisla

Litinin, 8 ga Fabrairu, 1993, da hantsi

Rauno ya turo saƙo zauren imel da sassafe, wai zai sauya sharaɗin Kaisla. Tun ranar da ya fara rubuta ta a ɗakinsa na ɗalibai, don ba shi da halin sayen manhajar da ke tafiyar da kwamfuta irin ta kamfanoni, sharaɗinsa ɗaya ne: kowa ya kwafa kyauta, amma kada wanda ya karɓi ko penni a kanta, ko da kuɗin faifan ne. Lokacin mu uku ne kawai, ni da shi da ƙanena Ilpo, sharaɗin bai tsone wa kowa ido ba. Yanzu mun yi yawa, kuma mutanen da ba su da layin sadarwa suna ta roƙon a buga musu ita a faifai su saya. Sabon sharaɗin ya ce kowa ya kwafa, ya gyara, ya sayar in ya ga dama, muddin zai bar rubutun a buɗe ga na bayansa.

Ni na yarda. Ilpo ne ma ya fara kawo maganar bara, Rauno ya ce masa ɗan jari-hujja, suka yi kwana biyu ba sa gaisawa.

Sai dai al'adarmu ita ce layin da ka rubuta naka ne, ba mai sauya masa sharaɗi sai da yardarka. Wanda bai yarda ba, a cire aikinsa. Kafin kofina ya huce amsoshi sun fara zubowa daga Oslo, daga Delft, har daga Melbourne. Na yarda, na yarda, na yarda. Saura ɓangaren da ke magana da babban faifan kwamfuta, wanda Ilpo ya rubuta shi kaɗai.

Rauno ya leƙo ofis da hularsa a hannu.

"Marjut, kin ga saƙon?"

"Ina da ido."

"Lauyan ƙungiyar ɗalibai ya ce tunda Ilpo ya rasu, haƙƙin ɓangaren nan yanzu yana hannunki da na mahaifinku."

"Na sani."

Ya tsaya yana murza hular kamar zai matse ruwa a cikinta. Na ce masa akwai mutane a layi suna jiran in gyara musu na'urar buga takardu. Babu kowa a layi.

Talata, 9 ga Fabrairu, da yamma

Ban kira Baba ba.

Alhamis, 11 ga Fabrairu, bayan cin rana

Miyar wake ta Alhamis, ni da Rauno a kantin jami'a. Ya bari sai da na cika baki sannan ya fara, don ya san halina.

"Za a fitar da sabuwar Kaisla ranar goma sha biyu ga Maris. Masu buga faifai suna jira. In tsohonku bai yarda ba, dole wani ya sake rubuta ɓangaren daga tushe."

"Ni zan rubuta."

"Ke ce kaɗai ba za ki rubuta ba."

Na aje cokali. Ya ce in saurare shi kafin in watsa masa miya. Wai wanda zai sake rubutawa dole ya zama bai taɓa ganin tsohon rubutun ba, in ba haka ba kwafe ne kawai da sabon suna. Ni kuwa a gefen Ilpo nake zaune lokacin da yake rubutawa, ina cin baƙar alewarsa ina gaya masa shirme yake yi. Ko a barci aka tashe ni zan karanto shi.

"To wa ka samo?"

"Wani yaro a Porto, Duarte. Bai daɗe da shigowa ba, sassan allo yake taɓawa. Ya rantse bai buɗe fayil ɗin ba, kuma ba zai buɗe ba. Ke za ki bayyana masa abin da yake yi da baki, ba layi ko ɗaya, ba sunan komai."

"Wato in wanke shi in miƙa."

"Ban ce haka ba."

"Ba ka ce ba, Rauno, kai ai ba ka taɓa cewa komai. Kai dai hula."

Ya yi dariyar da bai shirya ba, miya ta shaƙe shi. Ni ma na kusa.

Gaskiyarsa ce, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na sayi tikitin jirgin ƙasa zuwa Kajaani, garinmu.

Asabar, 13 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma, Kajaani

Baba ya tarbe ni a tasha da tsohuwar motarsa. Ya tambaye ni ko jirgi ya yi latti, alhali a gabansa ya tsaya. Hirar hanya ke nan.

Gidan na nan yadda na bar shi a Nuwamba. Takalman Ilpo na nan a bakin ƙofa. Na tsallake su.

Ya dafa kofi, ya yanka baƙin burodi. Shekara talatin yana jan katako da babbar mota, har yanzu in zai zauna sai ya dafa tebur kamar yana hawa. Na bari ya sha kofi ɗaya, sannan na yi masa bayani a hankali, irin yadda nake yi wa farfesoshin da suka manta lambar sirrinsu. Na ce ba kuɗi a ciki, ba abin da za a karɓa daga hannunsa, kalma ɗaya ake so.

"Su wa ke so?"

"Mutanen da muke aikin tare."

"Kin san su?"

"Na san rubutunsu."

"Rubutunsu." Ya juya kofin a kan tebur. "Wa ya zo jana'iza a cikinsu?"

"Rauno ya zo, Baba. Ka gan shi."

"Ɗaya. Wannan mai hular."

"Sauran suna nesa."

"Ai da ba su yi nisa ba lokacin da yake kwana yana musu bauta. Yaro ya zo gida hutu, ba ya ci, ba ya fita, ba ya shiga sauna da ubansa, yana can yana wa mutanen Ostireliya aikin banza. Na ce masa ya nemi aikin da ake biya kamar kowane namiji. Abin da na ce ke nan. Laifi ne?"

"Ba wanda ya ce laifi ne."

"To a'a. Ki gaya musu a'a. Sun ci rabonsu."

Na ce in ya ƙi, za a cire aikin gaba ɗaya, kamar bai taɓa yi ba. Ya ce su cire, dama can shi bai taɓa ganinsa ba. Ya tashi ya tafi hura wutar sauna, ɗakin wankan tururi.

Na faɗi wata magana a bayansa. Ba zan rubuta ta ba. Ban san ko ya ji ba.

Lahadi, 14 ga Fabrairu, cikin jirgi

Ya sa min dankali da kifi a jaka ban sani ba, sai da warin ya tashi bayan Iisalmi. Matar da ke kusa da ni ta koma wata kujera.

Talata, 16 ga Fabrairu, da safe

Na gaya wa Rauno amsar. Ya ce, "To." Duarte ya turo gaisuwa mai tsawo, cike da ladabi, yana cewa ya ji labari kuma yana taya ni. Ban san da me yake taya ni ba. Ban amsa ba.

Ban buɗe fayil ɗin Ilpo ba.

Laraba, 17 ga Fabrairu, da rana

Na buɗe.

Na zaci lissafin ne zai wahalar da ni. Na manta da surutunsa. Ilpo ba ya iya rubuta layi goma bai saka baki a gefe ba. Faifan da ke jinkirin amsawa ya sa masa suna Tsohuwa. Inda ake jiran ta ya rubuta, "A ba Tsohuwa lokaci ta nemo tabaraunta." Can ƙasa ya ce, "Ban san dalilin da ya sa wannan ke aiki ba. In ka sani kada ka gaya min." A wani wurin kuma, "Marjut ta ce wannan hauka ne. Marjut ta yi gaskiya. Na bar shi."

Na rufe ƙofar ofis na rataya takardar da ke cewa na fita.

Abin da na tura wa Duarte shi ne: idan faifai bai amsa ba, a jira shi kaɗan, a sake tambaya, in ya ƙi sau da yawa a ba da rahoto. Haka kawai. Na karanta shi, daidai ne, babu kuskure, kuma babu kowa a ciki.

Juma'a, 19 ga Fabrairu, da la'asar

Yaron nan yana da tambaya kamar ɗan sanda. Me zai faru in an kashe wuta ana tsakiyar rubutu? Me zai faru in faifai biyu ne? Ina amsa ɗaya, uku na tsirowa. Kuma tambayoyin masu kyau ne, tsinanne.

Yau na gaji, na kwafo layi huɗu daga na Ilpo na manna a saƙo, na ce ga shi nan, ka gani da idonka ka huta. Na tura kafin in yi tunani.

Ya amso bayan ɗan lokaci. "Marjut, na ga kamar akwai rubutun manhaja a ƙasan saƙonki. Na rufe allon da tafin hannu na goge shi ban karanta ba. Abokin ɗakina shaida ne, yana ta yi min dariya. Don Allah ki sake faɗa min da baki."

Na zauna ina kallon saƙon. Wani ɓangare na zuciyata ya so ya karanta, ya gurɓace, Rauno ya rasa mai rubutawa, komai ya tsaya. Na san haka tun kafin in danna. Na ba shi haƙuri, na sake faɗa masa da baki.

Lahadi, 21 ga Fabrairu, da rana

Dusar ƙanƙara tun safe. Ban fita ba. Na ci kifin Baba.

Ban kira shi ba. Shi ma bai kira ba.

Laraba, 24 ga Fabrairu, ƙarfe uku

Na Duarte ya iso. Na ɗora shi a kwamfutar gwaji ina addu'ar ta mutu. Ta tashi sumul. Na kwafi fayiloli, na goge, na zare waya ana tsakiyar aiki, na yi mata duk muguntar da na sani. Ko gezau.

Rubutunsa tsaf, kamar ɗakin da ba a taɓa kwana a ciki ba. Ba wasa, ba zagi. Gajere ne ma a kan na Ilpo.

Rauno ya ce, "Yaron ya iya."

Na ce, "Ai ni na tauna masa."

"Haka ne."

"Kada ka ce min haka ne."

Ya ɗauki hularsa.

Juma'a, 26 ga Fabrairu, da hantsi

Wata malama a Tartu ta rubuto zaure. Ta sayi sabon faifai, irin manyan nan da suka fara shigowa, ta ɗora Kaisla, ta kwashe aikin ƙamus ɗin da take haɗawa ta zuba a ciki. Da faifan ya wuce rabi, sai sababbin fayiloli suka fara hawa kan tsofaffi. Aikin kaka da hunturu ya tafi. Ba ta yi zagi ba. Ta ce tana sanar da mu ne don kada ya sami wani.

Da ta yi zagi da na fi jin daɗi.

Ban buƙaci bincike ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yadda Ilpo ke ƙirga wurare a faifai yana da iyaka, in an wuce ta sai ya koma farko. Lokacin da ya rubuta ba wanda muka sani da ke da faifai mai girman haka. Na tuna ma na tambaye shi, ya ce kafin a yi irinsa mun tsufa.

Na aro babban faifai daga sashen lissafi na gwada na Duarte. Ba ya yi. Ban gaya masa yadda ake ƙirgar ba, don ba a yarda in gaya masa ba, sai ya ƙirga ta hanyarsa.

Na rubuta wa malamar na ba ta haƙuri da sunan ɓangaren faifai. Ban sa sunan kowa ba.

Asabar, 27 ga Fabrairu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Waya ta yi ƙara ina wanki. Baba. Mutumin da ke cewa wayar nesa ta masu kuɗi ce.

"Ke ce?"

"Ni ce, Baba. Lafiya?"

"Na je makarantar koyon sana'a jiya."

"Me ka je yi?"

"Kemppainen ya tare ni a kanti, malamin ƙanenki na da. Ya ce in zo in ga wani abu. Na ce ba ni da lokaci. Na je."

Ina jin numfashinsa.

"Ya kunna wata na'ura. Rubutu ya yi ta gudu, fari a kan baƙi. Sai ya tsayar da shi ya nuna min da biro. Ilpo Moilanen. Haka aka rubuta, har da Kajaani."

"E. Duk wanda ya rubuta ɓangare, sunansa na fitowa in an kunna."

"Kullum?"

"Duk lokacin da aka kunna."

"Na ce ya kashe ya sake kunnawa. Ya sake fitowa." Ya yi gyaran murya. "Na'urori goma sha ne a ɗakin. Yara suna koyo a kai. Kemppainen ya ce har a Japan."

"Akwai a Japan."

"Su ma Kajaani suke gani?"

"Su ma."

"To su Japanawa ina suka san Kajaani," in ji shi, kamar an yi masa laifi. Sannan ya ce, "Ki gaya wa mai hular na yarda. A bar shi inda yake. Wayar nan tana cin kuɗi."

Ya kashe.

Na tsaya da rigar a hannu tana ɗiga a kan ƙafata. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, na yi tsalle ni kaɗai a ɗaki kamar yarinya. Sai da na koma kan wankin na tuna da malamar Tartu.

Litinin, 1 ga Maris, da rana

Na gaya wa Rauno duka biyun. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Yanzu ba sharaɗin da ya hana a bar na Ilpo," in ji shi.

"Na sani."

"Kuma ga na Duarte."

"Na sani. Kai ne mai Kaisla, ka yanke."

"A'a. Ɓangaren faifai naki ne tun Nuwamba, kowa a zaure ya san haka. Mai ɓangare shi ke zaɓar abin da zai shiga. Ban taɓa tsallake kowa ba, ba zan fara da ke ba."

"Matsoraci."

"Na yarda."

"A sa duka biyun mana."

"Wa zai kula da biyu? Kuma wa za ki ce ya ɗauki wanda ke cin fayil?" Ya sassauta murya. "Sunansa zai shiga jerin godiya, a sama, ko me kika zaɓa."

"Jerin godiya wa ke karantawa? Kai ma ba ka karantawa."

Bai musa ba. Gaba kura baya sayaki, kuma ni ce na roƙi Baba da bakina.

Laraba, 3 ga Maris, da yamma

Kwana biyu ina neman yi wa na Ilpo faci. In na toshe nan sai can ya ɓalle. Ƙirgar ba a wuri ɗaya take ba, ta ratsa ko'ina, a kanta ya gina komai. In na gyara ta yadda ya kamata, abin da zai rage nasa bai wuce maganganun gefe ba. Sai ya zama nawa ne sanye da rigarsa.

Kuma ko na yi, ba zan gama gwada shi kafin ranar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na yi wa Ilpo faɗa yau. Da ƙarfi, a ofis. Na ce ai na gaya maka, ɗan taurin kai, na gaya maka. Mai shara ta leƙo ta koma.

Juma'a, 5 ga Maris

Na sake gwada duka biyun. Sakamako ɗaya.

Asabar, 6 ga Maris

Na sake.

Lahadi, 7 ga Maris, bayan cin rana

Baba ya sake kira. Sau biyu cikin kwana tara, duniya ta zo ƙarshe.

Ya gaya wa maƙwabcinsa Eino a sauna. Eino ya ce ƙarya ne, Baba ya ɗauke shi a mota har makarantar ya nuna masa. Ya gaya wa matar gidan waya. Ya gaya wa fasto, wanda bai yi wa magana ba tun ranar jana'iza. Yana so ya san ko akwai a Amurka, don Eino na da ɗan'uwa a can.

Na ce akwai.

"Kin gaya wa mai hular?"

"Na gaya masa."

"Ya ji daɗi?"

"Ya ji daɗi."

"Muryarki fa?"

"Mura ce."

"Ki sha ruwan zafi da zuma. Ba kya sa hula, shi ya sa."

Rabon da in ji ya yi magana mai tsawon haka tun Mama na da rai. Na bar shi ya gama. Ban faɗa ba.

Litinin, 8 ga Maris, da safe

Malamar Tartu ta rubuto. Ta fara ƙamus ɗin daga harafin farko. Tana tambaya ko sabuwar Kaisla za ta riƙe babban faifai, ko ta koma na'urar buga rubutu ta hannu.

Na amsa mata da kalma ɗaya, na ce za ta riƙe. Sai da na tura na gane na riga na zaɓa.

Talata, 9 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Na kira shi. Na faɗa a tsaye, ban cire kwat ba, don na san in na zauna ba zan iya ba. Na ce aikin Ilpo na da aibu, yana lalata wa mutane kaya a sababbin faifai, wata mata ta rasa aikin rabin shekara. Na ce wani ya rubuta sabo wanda ba ya yi. Na ce ranar Juma'a za a cire na Ilpo.



"Wa ya ce a cire? Mai hular?"

"Ni."

"Ke."

"Ni ce mai ɓangaren yanzu."

"Kika zo har gida kika roƙe ni."

"Lokacin ban sani ba."

"Na gaya wa Eino."

"Na sani, Baba."

"Ba ya gyaruwa?"

"Na gwada. In na gyara ba nasa ba ne kuma."

"Shi da ya sani, zai bar shi?"

Wannan ban shirya mata ba. Na ce a'a. Na ce da shi ne, da tuni ya goge shi yana zagin kansa, ya kuma aika wa yaron giya.

Kuɗin waya na ta tafiya, wannan karon bai damu ba.

"Juma'a ƙarfe nawa?"

"Da rana. Wajen ƙarfe biyu."

Ya kashe. Ban san ko zai sake ɗaukar wayata ba.

Laraba, 10 ga Maris

Bai kira ba.

Alhamis, 11 ga Maris, da rana

Miyar wake. Na kasa ci. Rauno ya cinye tawa, wai kada a yi asara. Ya ce in ina so shi zai danna madannin cirewar gobe, ba sai na zo ba. Na ce ya kula da hularsa.

Bai kira ba.

Juma'a, 12 ga Maris, da yamma

Ƙarfe ɗaya da wani abu mai gadi ya bugo daga ƙasa, wai wani dattijo na nemana, ya ƙi faɗin sunansa, ya ce ni na san shi.

Yana tsaye a bakin matakala cikin baƙar kwat ɗinsa da taye. Jirgin asuba ya hau. Takalmansa sun jiƙe don daga tasha da ƙafa ya zo, bai yarda da motocin Helsinki ba.

"Ina ne?" Abin da ya ce ke nan.

Na kai shi ofis. Rauno na ciki, ya miƙe har kujera ta faɗi. Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ba shi hannu.

"Kai ne ka fara abin nan?"

"Ni ne."

"Hm."

Na ja masa kujera gaban kwamfuta. Ya ce in nuna masa aikin tukuna. Na buɗe fayil ɗin. Ya sa tabarau ya bi shi da yatsa, bai gane komai ba, bai kuma yi kamar ya gane ba. Da ya ga kalmomin da ya sani sai ya tsaya. Ya karanta na Tsohuwa da tabaraunta. Ya ce, "Kakarku yake nufi." Ni duk zaman nan ban taɓa lura ba.

Ya sa na gangara da shi har ƙarshe, bai tsallake shafi ba. Rauno na duban agogo a ɓoye.

"To," in ji Baba. "Yaya ake yi?"

Na rubuta umarnin, sai da na yi kuskure sau biyu. Na ce saura a danna wannan babban madannin. Na kai yatsa.

Ya riƙe min hannu. "Ke kin yi naki."

Ya danna da ɗan yatsansa mai kauri, da ƙarfi, kamar yana kashe injin mota. Allon bai ce komai ba, sabon layi kawai ya fito yana jira.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya zauna yana kallon wurin. Rauno ya fita, wai zai nemo kofi. Na haɗa sabuwar Kaisla, ta ɗauki lokaci. Da ta gama Baba ya ce in kunna ya gani. Na ce ba dole ba ne. Ya ce in kunna.

Rubutu ya gudu. Na tsayar masa a wurin. Ya matso da fuska ya karanta a hankali, yana karya sunan.

"Du-ar-te. Wannan wane iri ne?"

"Ɗan Fotugal."

"Babba ne?"

"Yaro ne. Sa'an Ilpo, ko ya girme shi da kaɗan."

"Biyansa ake yi?"

"A'a."

Ya gyaɗa kai. Ya cire tabarau ya ninke ya sa a aljihu, ya sake fito da su.

"Kuma ya yi kyau, aikin nasa?"

"Ya yi kyau, Baba."

"An gaya masa?"

Na yi tunani. Rauno ya gaya min ni. Ni kuwa abin da na tura masa kawai shi ne na karɓa.

"Ki rubuta masa," in ji Baba. "Ki ce aikinsa ya yi kyau. Ki ce wani tsoho a Kajaani ya gani ya ce ya yi kyau."

"Zan rubuta anjima, in mun kai ka masauki."

"Yanzu," ya ce, muryarsa ta fashe a tsakiya. "Kada ki bari sai anjima."

Na rubuta. Ya tsaya a bayana, hannunsa a kan kujerata, bai motsa ba sai da na nuna masa saƙon ya tafi.